KOYA WA ƘANANAN YARA ZANE DA KWAMFUTA

Jawabin da wani jami'in wayar da kan jama'a na Gwamnatin Tarayya ya yi wa taron malaman firamare da iyayen yara na Yola da Jimeta, Jihar Adamawa.



Maganar da aka ɗora mini in yi a yau ita ce ta koya wa ƙananan yara zane da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, a cikin aji. Na sani akwai waɗanda da jin haka za su ce a ransu, "Yara ba su gama iya karatu ba, azuzuwa sun cika maƙil, wutar lantarki ba ta zama, sa'an nan a zo mana da zancen zane-zane?" Wannan tambaya ce ta masu hankali, ba kuwa zan kauce mata ba. Abin da nake so in bayyana shi ne, zane ne hanya mafi kusa kuma mafi araha da ƙaramin yaro zai bi ya saba da wannan na'ura, kuma nasarar al'amarin tana hannun malami fiye da yadda take ga yawan na'urori.

ABIN DA YA SA AKA DAMU

Hukumar JAMB, wadda ke shirya jarrabawar shiga jami'o'i da sauran manyan makarantu, ta fara gwada yin jarrabawarta da kwamfuta a shekarar 2013. Daga 2015 kuwa ta daina amfani da takarda da fensir ɗungum. Ke nan duk ɗan da muka haifa, ko a Yola yake ko a Ganye ko a Michika, in dai yana son ya wuce sakandare, tilas wata rana ya zauna gaban wannan na'ura, agogo yana tafiya, ya amsa tambayoyi. A shekarar 2017 hukumar ta shigo da dabarar amsa tambayoyi da madannai takwas kaɗai, domin ta sauƙaƙa wa ɗaliban da hannunsu bai saba da linzamin kwamfuta ba, watau ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur don a nuna wa na'urar inda ake so. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa matsalar tana nan. Yaro ya san amsa sarai, amma hannunsa na rawa, lokaci na ƙurewa, ɗan'uwansa kuwa da ya saba tun yana ƙarami ya yi nisa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba jarrabawa kaɗai ba. Ku zaga cikin Jimeta ku dubi masu buga katin biki da kalanda, da masu rubuta allunan shaguna, da masu zana fasalin gidaje kafin a aza tubali, da masu safiyon filaye. Aikin da a dā ake yi da fensir da ma'auni, yau mafi yawansa a kan kwamfuta ake yin sa. Wanda bai iya ba, sai dai ya biya wani ya yi masa.

TARIHI KAƊAN

Wannan batu ba baƙo ba ne ga mutanen Adamawa. A ƙarshen shekarar 1987, lokacin da ɗan wannan ƙasa, marigayi Farfesa Jibril Aminu, mutumin Song, yake Ministan Ilmi na Tarayya, aka kafa kwamiti don ya duba yadda za a shigar da ilmin kwamfuta cikin makarantun Nijeriya. A 1988 aka fito da manufar ƙasa a kan wannan ilmi, aka fara gwaji a kwalejojin Gwamnatin Tarayya. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin farko ga kowa, watau UBE, a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. Bayan haka hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta sa ilmin kwamfuta cikin darussan shekaru tara na farko. Saboda haka abin da muke magana a kai yana cikin tsarin karatu tuntuni. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa.

A sauran duniya ma, tun da daɗewa masana suka gane cewa zane ne ke jawo yaro ga na'ura. A 1963 wani ɗalibi a Amurka mai suna Ivan Sutherland ya nuna cewa mutum na iya zana layi da da'ira a fuskar kwamfuta da wani alƙalami mai aiki da haske. A 1967 wani masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, Seymour Papert, tare da abokan aikinsa Wally Feurzeig da Cynthia Solomon, suka ƙago wani harshen kwamfuta na yara mai suna Logo. Daga baya suka haɗa shi da wata 'yar na'ura mai ƙafafun taya da alƙalami a cikinta, suka sa mata suna kunkuru. Yaro zai umarce ta ta yi gaba, ta juya dama, ta juya hagu, ita kuwa tana tafe tana barin zane a bayanta. A 1982 aka kai wannan gwaji ga yaran makaranta a Dakar ta ƙasar Sanagal. A 1985 manhajar Paint ta fito tare da Windows, har yau kuwa tana cikin kwamfutocin da ke aiki da shi. A 2002 aka fito da Tux Paint, wadda aka shirya musamman don yara 'yan shekara 3 zuwa 12, kyauta ce kuma. A 2007 Scratch ta biyo baya, wadda da ita yaro zai sa abin da ya zana ya yi motsi.

DON ME ZA A FARA DA ZANE?

Dalili na farko shi ne, yaro yana zane kafin ya yi rubutu. Duk uwar da ke nan ta ga ɗanta ya tsuguna a tsakar gida da tsinke yana jan layi a ƙasa, ko ya ɗauki gawayi ya ɓata bango. Ba wanda ya koya masa. In aka zaunar da ɗan aji ɗaya gaban madannai aka ce ya rubuta jimla, an haɗa masa wahala biyu, ga neman haruffa ga tsoron na'ura. In kuwa aka ce ya zana rana da gida, abin da ya riga ya sani ne, alƙalamin ne kawai sabo.

Na biyu, zane ba ya bukatar tafinta. Jihar nan Allah ya albarkace ta da harsuna masu yawa. A aji guda a Jimeta za ka sami mai Fulatanci da mai Hausa da mai Bacama da mai Kilba da mai Margi da mai Camba, wasunsu ba su fara jin Turanci ba. Amma alamar fensir da ta burushi da ta bokitin fenti da ke jere a gefen fuskar na'urar, kowane yaro yana ganewa da ido.

Na uku, duk motsin hannun da mai aiki da kwamfuta yake bukata yana cikin zane. Nuna abu, danna shi sau ɗaya, danna shi sau biyu a jere, riƙe shi a ja zuwa wani wuri, saki a daidai inda ake so: waɗannan su ne ginshiƙan aikin, ko a banki ko a asibiti ko a ɗakin jarrabawa. Yaron da ya yi zango ɗaya yana zane ya iya su duka ba tare da ya san koya masa ake yi ba.

Na huɗu, zane yana ɗauke da lissafi. Murabba'i, alwatika, da'ira, tsawo da faɗi, rabi da kwata, babba da ƙarami, duk a cikinsa suke. Malamin lissafi ba ya hasarar lokacinsa in ya ba da aron rabin sa'a ga zane.

Na biyar, na'urar tana cire wa yaro tsoron kuskure. A littafin rubutu, in ya ɓata shafi ya ɓatu, wani lokaci ma har da bulala a gida saboda tsadar littafi. A kwamfuta akwai alamar da in an danna sai ta warware abin da aka yi na ƙarshe, aiki ya koma yadda yake. Yaron da ya san zai iya gyarawa ba ya jin tsoron gwadawa, wanda kuwa yake gwadawa shi ne yake koyo.

ABIN DA ZA A ZANA

A nan nake roƙon malamai su saurare ni da kyau. Manhajojin nan a ƙasashen waje aka shirya su, hotunan da ke cikinsu ma na can ne. Kada mu bar yaranmu su ƙare da zana gidan ƙanƙara da jirgin ƙasan da ba su taɓa gani ba, alhali kuwa ƙasar Adamawa ta yi suna wajen zane tun kafin a san kwamfuta. Zanen ƙwarya na Fulani da Yungur da Ga'anda da Bata, wanda mata musamman suke yi da ƙarfe mai zafi, masana daga ƙasashen waje sun zo sun yi nazarinsa, sun rubuta littattafai a kansa. Ga saƙar faifai da tabarma, ga ɗinkin hula da na wuyan riga, ga ƙunshin lalle, ga zayyanar da ake yi wa allo ranar saukar karatu. Dukansu layi ne da da'ira da alwatika, ana maimaita su bisa tsari. Maimaitawa bisa tsari kuwa shi ne ainihin aikin da kwamfuta ta fi gwaninta a kai.

Saboda haka malama ta shigo aji da ƙwarya mai zane, ta aje ta a tebur, yara su ƙirga layukanta, su faɗi siffofin da suka gani, sa'an nan su je su gwada a na'ura. A sa su zana kogin Binuwai da gadar Jimeta da kwalekwalen masunta. A sa su zana tafkin Njuwa, da ƙofar fadar Lamiɗo, da rumbu da bukka, da hanyar da suke bi daga gida zuwa makaranta. A sa su zana tutar Nijeriya, wadda Taiwo Akinkunmi ya tsara a 1959: gida uku daidai wa daida, kore, fari, kore. Wannan darasin kashi ɗaya cikin uku ne, darasin kishin ƙasa ne kuma. Yaron da ya ga zanen ƙwaryar kakarsa ya bayyana a fuskar kwamfuta, da hannunsa, ba zai ƙara ɗaukar na'urar abin wasu mutane ba, ba kuma zai raina sana'ar kakarsa ba.

YADDA ZA A BI DA DARASIN

Ga matakai shida da malami zai iya rarrabawa a kan zango ɗaya ko biyu, gwargwadon ƙarfin yaransa.

1. A fara ba tare da na'ura ba. Yara su zana layi miƙaƙƙe da lanƙwasasshe, da da'ira da murabba'i, a rairayi ko a allo ko a takarda, su san sunan kowanne da harshen da suka fi ji. Abin da hannu bai iya yi a ƙasa ba, ba zai iya yi a kwamfuta ba.

2. A gabatar da na'urar. A nuna musu fuskarta da madannanta da linzaminta, da yadda ake kunnawa da kashewa. A kafa doka tun ranar farko: a wanke hannu, ba a shiga da ruwa ko abinci, ba a taɓa waya ko soket. Haɗa wuta aikin malami ne shi kaɗai.

3. A horar da hannu. Yaro ya aza tafinsa a kan linzami, manuniya a kan madannin hagu, ya tura ya ga kibiya tana motsi a fuskar na'ura. Wannan shi ne wuri mafi wuya, domin hannu yana tafiya a kan tebur, ido kuwa yana duban sama. A bar shi ya yi ta ɓata farin shafi yadda ya ga dama, kada a nemi kyau a wannan mataki. In hannunsa ƙarami ne, malami ya aza nasa a kai sau ɗaya ko sau biyu, sa'an nan ya janye. Mai aiki da hagu a mai da masa linzamin ɓangaren hagu, kada a tilasta shi.

4. A shiga siffofi. A nuna alamar jan layi da ta murabba'i da ta da'ira. Murabba'i da alwatika a samansa sun zama ɗaki. Da'ira biyu da akwati sun zama amalanke. A nan yaro yake gane cewa babban abu daga ƙananan abubuwa ake haɗa shi.

5. A zuba launi. Bokitin fenti yana cika duk wurin da layi ya kewaye. In akwai 'yar kafa da ba ta haɗe ba, ko da ba ta kai ƙwayar gero ba, sai fentin ya tsiyaye ya mamaye shafin duka. Yara za su yi ihu, wasu su yi dariya. Kada malami ya gyara musu. Ya tambaye su, "In shingen gona yana da kafa, me awaki za su yi?" Su da kansu za su warware, su nemo kafar, su toshe. Yaron da ya yi haka ya koyi neman inda kuskure yake, wanda shi ne rabin aikin kowane injiniya.

6. A rubuta suna, a adana. Yaro ya nemo haruffan sunansa a madannai ya sa a ƙarƙashin zanensa. Ga shi ya shiga rubutu da kwamfuta ta hanyar da yake so. A koya masa adana aikinsa da buɗe shi a mako mai zuwa. Tux Paint tana da sauƙi a nan, domin tana nuna ƙananan hotunan abin da aka adana, ba sai yaro ya karanta sunan fayil ba.

Ga 'yan aji huɗu zuwa shida, sai a ƙara da wasan kunkuru, wanda ba ya ma bukatar wuta. A fita filin makaranta, yaro ɗaya ya zama kunkuru yana jan sanda a ƙasa, sauran su ba shi umarni: taku biyar gaba, juya dama, har sau huɗu. In juyin ya yi daidai, watau digiri 90 kowane karo, zai komo inda ya tashi, ga murabba'i a ƙasa. Sau huɗu na 90 ya ba da 360, watau cikakken zagaye. Sa'an nan a tambaye su, in alwatika mai gefe uku daidai ake so, nawa zai juya? Su yi ta gardama har su gano 120. Ranar da suka zauna gaban Logo ko Scratch, sun riga sun san abin da za su gaya wa na'urar.

IN NA'URORIN BA SU ISA BA

Na san wannan ita ce tambayar da ke ran kowane hedimasta. Mu ɗauki misali: makaranta tana da kwamfuta 10, aji kuwa yana da yara 60. A zaunar da yara biyu a kowace na'ura, ɗaya yana riƙe da linzami, ɗaya yana ba da shawara, bayan minti goma su yi musanya. Ke nan 20 suna kan na'ura. Wasu 20 suna tsara a takarda abin da za su zana in layinsu ya zo, sauran 20 suna waje suna wasan kunkuru. A yi ta juyawa, cikin darasi uku kowa ya taɓa. Zama biyu-biyu ba hasara ba ne, domin yaro yakan fahimci bayanin ɗan'uwansa fiye da na babba.

Zane ba ya bukatar sabuwar na'ura mai tsada, ba ya kuma bukatar intanet. Tsohuwar kwamfutar da ofis ya daina amfani da ita ta isa. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batir, ba ta cin wuta da yawa, ana iya cika ta da farantin hasken rana, wanda Allah ya hore mana a Yola ba iyaka. Sai dai a kula da abokan gaba guda biyu, zafi da ƙura. A watannin Maris da Afrilu zafin garin nan yakan haura digiri 40, saboda haka a sa darasin da safe, a buɗe tagogi. Da hunturu kuwa a rufe kowace na'ura da ƙyalle in an gama. A naɗa malami ɗaya da zai riƙe mabuɗi da littafin lissafin kayan. Amma fa kada tsoron lalacewa ya sa a kulle ɗakin sai ranar da manyan baƙi za su zo. Na'urar da ke kulle ita ma lalacewa take yi, ba kuwa ta amfani kowa ba.

DARASI DAGA WASU WURARE

Kada wani ya ɗauka cewa raba na'urori shi ne ƙarshen magana. A 2007 aka gwada shirin nan na ba kowane yaro kwamfutarsa a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja. Yara sun yi murna ƙwarai, amma batun wuta da na gyara ya zama nauyi, shirin kuma bai yaɗu zuwa sauran ƙasa ba. Ƙasar Peru ta Kudancin Amurka ta raba irin waɗannan na'urori da yawan gaske. A 2012 aka fito da sakamakon binciken da aka yi a makarantunta 319 na karkara: yara sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ƙaru ba. Abin lura a nan shi ne, na'ura ba ta maye gurbin darasin da aka tsara da malamin da aka horar.

A nan gida ma muna da abin dubawa. Bayan da rikici ya kori jama'a daga Mubi da kewayenta a 2014, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Yola da Jimeta, yara masu yawa suka rasa makaranta. A 2016 Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke nan Yola ta gudanar da shirin TELA, inda aka yi amfani da rediyo da ƙananan kwamfutocin hannu wajen koya wa dubban yara karatu da lissafi. Ba a bar yaran su kaɗai da na'ura ba. An tara su rukuni-rukuni a unguwanni, kowane rukuni da babban da ke jagorantarsa. Wannan ya nuna cewa yaranmu ba su gaza na kowa ba, in an sami mai tsaya musu.

Garin da ke da Kwalejin Ilmi ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha, da Jami'ar Modibbo Adama wadda aka kafa tun 1981, bai kamata ya rasa wanda zai nuna wa malamin firamare yadda ake riƙe linzami ba. Abin da malami yake bukata don ya koyar da matakan nan shida bai fi horon 'yan kwanaki ba. Kada kuma malami ya ji kunya in ɗalibinsa ya riga shi gano wata dabara. Ya sa shi ya nuna wa aji, girmansa ba zai ragu ba.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Na ɗaya, lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban fuskar na'ura, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada su wuce sa'a ɗaya a yini. Ga 'yan firamare, minti ashirin zuwa talatin a darasi ya wadatar. Kwamfuta ba za ta ɗauke wa yaro bukatar fensir da laka da guje-guje ba.

Na biyu, 'yan mata. In aka bar yara su yi rige-rige, maza ne za su kame kujeru, mata su tsaya a baya suna leƙe. Malami ya rubuta jerin sunaye, ya bi shi sau da ƙafa. Zanen ƙwarya da na lalle a hannun mata suke tun kaka da kakanni, saboda haka ba dalilin da zai sa a ture su daga zanen zamani.

Na uku, akwai iyayen da saboda addini ba sa son 'ya'yansu su zana surar mutum ko ta dabba. A girmama wannan. Duk matakan da na lissafa ana iya cika su da gidaje da itatuwa da taswira da zayyana, ba tare da an rasa kome ba. Hedimasta ya kira iyaye ya nuna musu abin da ake yi, gani ya kori ji.

Na huɗu, a cikin azuzuwanmu akwai yaran da idonsu ya ga tashin hankali. Wani lokaci abin da bakin yaro ya kasa faɗi sai ya fito a zanensa. In malama ta ga haka, kada ta tsawata, kada kuma ta nuna wa aji. Ta ja shi a jiki, ta sanar da hedimasta da iyayensa cikin sirri.

Na biyar, kada a auna wannan darasi da haddar ma'anar kalmomi. Yaron da zai iya rera sunayen sassan kwamfuta da ka, alhali bai taɓa taɓa ta ba, bai koyi kome ba tukuna. A auna shi da abin da hannunsa ya yi: ya buɗe, ya zana, ya gyara, ya adana.

KIRA GA JAMA'A

To, jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnatin Tarayya ta tsara manhajar karatu, tana kuma ba jihohi gudummawa ta hannun hukumar UBEC. Hukumar ilmin firamare ta jiha da ƙananan hukumomi su ne masu makarantu. Amma yaran namu ne. Ina kira ga ƙungiyoyin iyaye da malamai su tambayi hedimasta ko akwai na'ura a makaranta, in akwai, sau nawa yara suke taɓa ta a mako. Ina kira ga tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata su tuna da makarantar da ta yaye su in za su sauya kwamfuta. Ina kira ga matasanmu masu yi wa ƙasa hidima da ɗaliban manyan makarantu su ba da sa'a biyu a mako. Iyaye kuwa, in yaro ya zo gida yana ba da labarin abin da ya zana, a saurare shi, a tambaye shi yadda ya yi, ko da uba bai taɓa ganin kwamfuta ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan aji ɗaya na bana, nan da shekara 12 shi ne zai zauna a ɗakin jarrabawar shiga jami'a. Abin da hannunsa zai iya a wannan rana, yanzu ne za mu fara koya masa.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba malamanmu haƙuri da lada, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.